Ranar da Ordinata Ta Yi wa Gajere Kirari

"Ni da ordinata ɗaki ɗaya aka yanke mana cibi," in ji Gajere. "In na yi tari, ita ke ce mini sannu. Waɗanda suka ƙera ta ma, in ta gagare su, sunana suke ambata mata ta natsu."

Kwamfuta yake nufi. Haka yake faɗa kullum a ƙofar gidan radiyon wani gari da ke tsakanin Mayahi da Tasawa. Sunan garin ya kuɓuce mini, amma zai dawo. Akwai dai tsamiya a bakin kasuwarsa, mai inuwa kamar ta uwa. Shekarar kuwa ita ce wadda damina ta yi rowa, sojoji kuma suka hau mulki. Za ka ce, ɗan'uwa, wace daga ciki? Ka yi gaskiya. Wadda aka riga aka yi salula nake nufi. Yawo ya ajiye ni garin, har nakan shiga radiyon ranar Juma'a in yi wa masu saurare ɗan karatu, shi ya sa abin ya faru a gabana.

Gajere dai sunansa bai zalunce shi ba, don in ya hau kujerar aiki ƙafafunsa lilo suke yi. Kwat yake sawa cikin zafin bazara, ga igiya a wuya ya rataya 'yan makullan ordinata na ajiyar bayanai kamar layu, ko ɗaya babu komai a ciki. Ya taɓa zuwa horo Maradi. Waɗanda suka je tare da shi sun ce ya fi kowa ƙoƙari wajen cin abinci.

Ordinatar gidan ita ke ɗauke da komai, waƙoƙi da sanarwa, har muryar mai magana ta cikinta take bi. Wani Abdussalamu daga Maradi ya sa mata tsarin da ake kira Linuks. Ya ce mana abin kamar rijiyar gari yake: ba a saye, kowa na iya ɗiba, wanda ya iya kuma yana iya gyarawa. Kowane ma'aikaci da ƙofarsa da kalmar sirrinsa, sai babban makulli guda da ake kira rut, mai buɗe ko'ina. Ya damƙa shi ga Gajere, saboda shi ya fi kowa gyaɗa kai.

Ana nan sai labari ya zo cewa kumandan, sojan da aka ɗora bisa yankin, zai zo ya faɗa da bakinsa ta radiyo ranar da za a fara sayar da gero mai rahusa. Aka kuma ce yana neman wanda zai riƙe masa na'urorin biro, wato ofis, har da babur na aiki.

Gajere ya ji babur. Daga ranar bai ƙara tafiya kamar mai ƙafa ba.

Abin da ya fara yi shi ne toshe ƙofar kowa. Zuhura, mai karanta sanarwa, ta zo da safe ta tarar ba ta iya komai sai magana a makirfo.

"Mushe Gajere, ordinata ta ƙi ni," in ji ta. Mushen nan na Faransanci ne, kamar a ce malam.

"Ba ƙin ki ta yi ba, sanin girmanta ta yi. Abin da kowa ke taɓawa ai ludayin masallaci ne."

"Ba Abdussalamu ya ce rijiyar gari ce ba?"

"Rijiyar ta samu mai gadi."

Sannan ya sake kalmar sirrin rut. Ya ce sai ya yi wadda ko aljani ba zai gane ba. Ya jera sunayen kakanninsa, ya birkita su, ya cusa sunan wani jakinsa da ya mutu a tsakani. Na ce masa, "Ɗana, ka rubuta ka ajiye, kan ɗan Adam ƙwarya ce mai tsaga." Ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, wannan ƙwaryarka ce. Tawa ƙarfe ce."

Game da tawa dai bai yi ƙarya ba.

Daga nan ya kira Mati maroƙi, ya rufe ɗaki, ya naɗi kirari da kalangu. Nufinsa, kumandan na zama, na'ura da kanta ta fara yabon mai ita ba tare da an taɓa ta ba, kowa ya ga ikonsa.

To akwai wani ɗan aike cikin Linuks, kron suke ce masa. Ka rubuta masa rana da sa'a da minti, in lokacin ya yi ya aikata abin da ka sa shi. Inda ka sa alamar tauraro kuwa, ma'anarta kowane lokaci. Gajere ya rubuta rana daidai. Da ya zo kan sa'a sai ya tsaya. Wane babban mutum ya taɓa zuwa a lokacin da ya ce? In an ce hantsi, la'asar ce. Sai ya dasa tauraro a sa'a, ya dasa a minti.

"Kin gani?" ya ce da Zuhura. "Kowane lokaci! Duk sa'ar da kumandan ya ga dama ya zo, ita ta san abin yi."

"Ya za ta san ya zo?"

"Ke dai karanta cigiyar awakinki."

Ranar ta zo. Esansi, wato fetur, ya yi tsada, don haka ba a tada grup, injin ba da wuta, ba sai da aka ji ƙahon mota. Jama'a sun cika fili, an kafa lasifika a waje, kowa da buhu a zuciyarsa. Kumandan ya shiga, dogo, fuska ba wasa. Yana zama, sai kalangu ya ɓarke da kansa, ga muryar Mati:

"Gajere giwar ƙarfe! Ubangidan waya da wuta! Mai tari ordinata ta ce sannu!"

Gajere ya harɗe hannu, ya kumbura kamar kwaɗon da ya ji hadari. Kumandan ya ɗaga gira, ya jira kalangu ya lafa, ya matso da makirfo.

"Jama'a, assalamu alaikum. Game da gero..."

Ashe Gajere bai yanke wutsiyar naɗin ba. Bai ma taɓa saurarensa har ƙarshe ba, yabon kawai yake maimaitawa. Sai aka ji Mati yana haki, cikin muryarsa ta gida:

"Wash. Mushe Gajere, ƙaryar fa ta ƙare mini. In ƙara wace?"

Kafin wani ya yi numfashi, minti ya cika, kron ya sake aiko kalangu. "Gajere giwar ƙarfe!"

"Kashe wannan abin," in ji kumandan.

"Yanzun nan, ranka ya daɗe. Tana murna da zuwanka ne."

"Game da gero..."

"Ƙaryar fa ta ƙare mini!"

Naɗin ya fi minti tsawo, saboda haka kafin Mati na farko ya gama, na biyu ya taso, na uku na biye. Wannan yana giwar ƙarfe, wancan yana amsa masa da ƙarya ta ƙare. Mati na gaske yana cikin taro, na ga ya ja hula ya rufe fuska yana silalewa ta bayan tsamiya.

Gajere ya buɗe baƙin allon da ake ba na'ura umarni. Ta nemi kalmar sirri. Ya buga, ta ƙi. Ya share gumi, ya sake, ta ƙi. Ya manta makirfo a buɗe yake, ya leƙa taga ya ƙwala wa gwaggonsa kira.

"Gwaggo Furera! Wa ya haifi kakana Bawa?"

"Na Allah!"

"Ƙarya ne," in ji wani tsoho. "Na Allah kawunsa ne, Mahaman ne ubansa. Ni na san gidan."

Gardama ta kaure a fili, rabi na Na Allah, rabi na Mahaman. Gajere na bugawa yana gunaguni, duk ƙasar Mayahi na saurare: "Bawa, Mahaman, jaki... a'a. Jakin kafin Bawa yake ko bayansa?"

Kumandan ya juyo a hankali. "Jaki na cikin kakanninka?"

"Don tsaro ne, ranka ya daɗe."

Wani soja ya fita ya kashe grup. Aka samu shiru mai daɗi, amma ba radiyo. Aka sake tadawa, na'ura ta farka, kumandan ya buɗe baki, kalangu ya riga shi. Aka gwada haka har esansi ya ƙare, ranar gero ba ta fita ba. Abdussalamu kuma, da aka kira shi, ya ce yana can wajen biki, sai wani mako.

Ni mai mantuwa ba na yi wa mai mantuwa dariya. Amma ranar sai da na ciji rawanina.

Kumandan ya miƙe, ya dubi Gajere daga sama har ƙasa, tafiyar ba ta yi wa idonsa nisa ba.

"An ce kana son aiki da abin hawa."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Ka samu. Tunda ka kashe mini radiyo, kai ne radiyon."

Aka ba shi jaki da lasifikar hannu, aka ce ya bi ƙauyuka kasuwa kasuwa yana faɗin ranar gero. Na haɗu da shi a kasuwar Kanambakashe, kwat ta yi fari da gumi, layun wuyansa na kaɗawa. Ya hau turmi, ya ɗaga lasifika ya yi shela da iyakar ƙarfinsa cewa ranar Laraba za a fara sayar da gero mai rahusa. Tun da na san shi, ranar ce ya fara faɗin magana wadda gaskiya ce tun daga kai har wutsiya.

Ba wanda ya motsa. Sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ɗago kai, ta dubi jakin, ta dube shi.

"Ɗan nan, ashe ka samo sabuwar ƙarya," ta ce. "To sauka ka ba kakanka ruwa, ya gaji."