Ta'aziyyar Zalɓe, Keken Harisu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya hana ta zama wuri ɗaya, Harisu Ma'aruf na bayan tasha, Daura, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kekensa na tsere, wanda aka fi sani da Zalɓe. Ciwon ajalin ya soma ne ranar Talata, kwana biyu bayan ruwan ƙarshe na damina, gari ya waye da raɓa, sama fes, ko iska babu. Ya cika ranar Alhamis da hantsi, a hannun mai walda.

Marigayin ya iso Daura a gwanjo, ba wanda ya san shekarunsa. Siriri ne, ruwan toka, tayoyinsa ba su fi kaurin babban yatsa ba, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Bai taɓa neman mai ba, bai taɓa ƙorafi ba. In an daina taka feda yakan ce tsirrr a hankali, in an sauya giya ya ce ƙas. Iyakar maganarsa ke nan.

Duk wanda ya san Harisu ya san irin haƙurin da marigayin ya yi. Harisu ya bar makaranta a aji biyu na sakandare, ya ce benci na cizonsa. Ya shiga ɗinki, wata biyu ya fito. Gyaran waya, kwana arba'in. Aka kai shi shagon kawunsa, ya dinga zagaya kanta har kawun ya ce ya fita waje ya yi zagayensa, yana sa shi jiri. Mahaifiyarsa, Inna Rabi'atu, takan ce ko a goye bai taɓa barin majanyi ya zauna ba. Zalɓe ne kaɗai ya riƙe shi shekara biyu cur.

Su takwas ne, Harisu da abokan hawan kekensa, ke haɗuwa a shataletale da an sallame sallar asuba. Talata su nufi Sandamu, Alhamis hanyar Mashi, Lahadi har Dutsi in ƙafa ta yarda. Babbansu Hamma mai kantin magani, kuma dokarsa ba ta da yawa: layi ɗaya, taya bayan taya, tazarar taƙi guda. Na gaba ya sare wa na baya iska har turakun lantarki ashirin, sannan ya zame ya koma ƙarshe. In ya ga rami ko dutse, ba ya cije birki, ba ya kaucewa ba zato. Hannu zai sauke ya nuna, don na baya ba ya ganin komai sai tayar wani. Harisu kuwa tun makonsa na farko aka hana shi gaba, domin da ya ga titi a buɗe sai ya tsinke da gudu, layi ya watse. Shekara biyu yana kallon tayar Zakiyyu ma'aikacin jinya, yana cizon leɓe, Zalɓe na cewa tsirrr, ma'ana dai a yi haƙuri.

Ranar Talatar nan, an fita gari kaɗan, Hamma ya waiwayo ya ce, “Harisu, riƙe mana gaba. In ka gudu, ka wuce gida.”

Bai gudu ba. Ya ƙirga turaku goma sha huɗu daidai wa daida. Kafin na goma sha biyar, wani manomi ya shanya gyaɗa a bakin kwalta, ya lulluɓe ta da baƙin tamfol saboda raɓa, ya danne da duwatsu, ɗaya ya gangaro tsakiyar hanya. Harisu ya gan shi a makare. Mutum bakwai na bayansa, kowa taƙi ɗaya da ɗan uwansa. Ya sauke hannu ya nuna. Bakwai ɗin suka wuce lafiya. Shi da Zalɓe suka karɓi dutsen da hannu ɗaya, suka kwanta cikin gyaɗa.

Marigayin ya tashi da tsagewa a wuya, ƙasan kai kaɗan. Zakiyyu ya duba, ya ce jikin nan alminiyum ne, irin na tukunya, kada kowa ya kai masa wuta a nan; a bari Asabar zai shiga Kano, akwai mai yi. Kwana huɗu ne kacal. Harisu ya daure biyu. Alhamis da safe ya ji sun wuce ta bayan gida ba shi, ya saɓa Zalɓe a kafaɗa sai wurin Malam Nu'uman mai waldar ƙofofi, wanda ya ce ƙarfe duk ƙarfe ne, ya ɗinke abin da ya fi wannan. Wuta ta taɓa wuyan sau ɗaya. Zalɓe ya ce fusss, ramin da ya buɗe yatsa uku na shiga. Iyalan mamacin ba su riƙe Malam Nu'uman da komai ba. Sun san wanda ya kasa jira.

Ya rasu ya bar tayoyi biyu, ta gaba a karkace. Sarƙa, sirdi, famfo, da gorar ruwa mai yoyo. Ya kuma bar Harisu, wanda har yau yake farkawa kafin kiran salla, ya dawo daga masallaci ya zagaya tsakar gida har kaji su gaji da shi. Juma'a ya haɗa jaka, ya yi magana da Amadu direba, wanda zai ɗauki shanu zuwa Fatakwal ranar Lahadi da sassafe, ya ce akwai wurin mutum ɗaya a sama. Inna ta ga jakar. Ta yafa mayafi ta tafi kantin Hamma sayen maganin ciwon kai, ta daɗe fiye da yadda sayen magani ke ɗauka.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi, da an sallame asuba, daga shataletale. Hamma ne ya tsayar da lokacin, kuma ya san sarai ƙarfe nawa motar Amadu ke tashi. Za a ɗaure mamacin a bayan tsohon baƙin keken mahaifin Hamma, wanda aka saba kai buhun gero kasuwa da shi, ba giya, birki ɗaya. Harisu ne zai tuƙa, shi ne a gaba har turke na goma sha biyar, inda za a rataye Zalɓe a darbejiyar gefen hanya. Hamma ya ce ba wanda zai wuce shi, ko da tafiyar za ta kai azahar, kuma baƙin keken zai kwana gidansu Harisu har sai ranar da aka samu wani wuya. Masu gaisuwa su zo da ƙafafunsu; ba a karɓar ta'aziyya a zaune, mai makokin ba ya iyawa.

Abin da aka rasa: keke ɗaya, haƙori ɗaya da rabi, gyaɗa kwano biyu, safiya biyu a layi, da wurin mutum ɗaya a saman motar Amadu.