Cindo Ba Ya Juyin Rabi

A garinmu akwai wani bawan Allah, Cindo. Shi da matarsa Tasalla mai waina da 'ya'ya uku, tsintsiya ce ke ci da su, don shi ne mai sharar makarantar sakandare. Ba shi da mugunta ko ta anini. Sai dai yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai ɗauke ta.

Wata rana yana shara a gindin taga, ya ji Malama Saude ta lissafi tana fama da 'yan ajinta. Wai cikakken juyi digiri 360 ne, kuma kusurwa in ta yi shi, inda ta tashi nan take komawa, shi ya sa 30 da 390 wuri ɗaya suke tsayawa. Sati biyu tana nanatawa, kan ɗalibai ya ƙi ɗauka. Cindo kuwa ya haddace tsaf.

Wata rana Tasalla ta bar masa tanda, ta ce ya juya mata wainar kafin ta ɗebo ruwa. Ya bi kowace ya yi mata cikakken juyi, gefen da ya soyu ya sake komawa ƙasa. Ta dawo ta tarar ƙasa gawayi, sama ƙullu. Ya ce ai shi yanzu ya daina aikin rabi da rabi.

Wata rana iska ta karkatar da allon sunan makaranta ya fuskanci katanga. Hedimasta, Malam Haladu, ya ce a juya shi, mai duba makarantu na tafe. Cindo ya juya allo har sau biyu don a yaba masa. Baƙo ya wuce makaranta bai gani ba, sai ƙauyen gaba. Da azahar ya iso yana huci.

A gaban baƙo da Malama Saude da 'yan ajinta hedimasta ya sa Cindo ya jingine tsintsiyarsa.

"Na sallame ka. Juya ka ba ni wuri."

Idon Cindo ya ciko, amma umarni umarni ne. Ya juya ta hagu, ya zagayo, ga shi fuska da fuska da hedimasta.

"Na juya, ranka ya daɗe."

"Na ce juya!"

Ya ƙara. Can baya wata ɗaliba ta ce, a hankali, 720 ke nan. Hedimasta ya nuna masa ƙofa ta dama, Cindo ya zagayo ta dama. Sai aji ya ɗauka gaba ɗaya: wannan ragewa ce, amma nan ɗin dai ya tsaya.

Baƙo ya bar huci. Ya tambaye su kusurwar da ke tsayawa wuri ɗaya da 45, suka ce 405. Ya ce wane ne ya kawo wannan dabarar koyarwa? Malama Saude ta nuna Cindo.

Malam Haladu ya share zufa, ya yi gyaran murya.

"Cindo, juya rabi."

Ya juya rabi. Ga tsintsiyarsa jingine da bango tana jiransa.