Rasuwar Nagoda, Babur ɗin Malam Kailani na Tudun Wada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Kailani tsohon tafinta, na Tudun Wadan Zariya, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan labari, cewa babur ɗinsa Nagoda ya rasu. Ya cika ne ranar da ruwan farko ya sauka bana, a zauren da ya yi jinya, yana jingine da bango, lulluɓe da tsohon bargo.

Marigayin haifaffen Ingila ne. Wasu maƙera biyu, wa da ƙane, suka ƙera shi a wani ƙauye da Malam Kailani bai taɓa iya faɗin sunansa daidai ba. An ce goma sha biyu kacal suka yi irinsa. Biyu daga ciki suka zo ƙasar nan a cikin akwatunan katako, ɗaya na wani Baturen mishan, ɗaya na Baturen awon hanya wanda Malam Kailani ya yi wa tafinta. Da Baturen awo zai koma gida, ya dafa sirdin ya ce, "Kailani, riƙe shi, irinsa kaɗan ne a duniya." Malam Kailani mutum ne da ke da ƙwan jimina a ɗakinsa, da agogo marar hannu, da wani dutse da ya tabbata daga sama ya faɗo. Irin wannan magana ita ce ke shiga ransa. Ya ɗauke ta yabo ne. Sai yanzu da furfura ta gama cin gemunsa ya gane cewa ranar nan aka gaya masa abin da zai kashe babur ɗin.

Kowa ya shaidi marigayin da halin kirki. Ba shi da yawan shan mai. Sau biyu kaɗai ya kayar da maigidansa, kuma duka biyun laifin jaki ne. Ya taɓa kai uwargida Hajo suna a Dutsen Abba, ta sauko ta rantse ba ta ƙara hawa, amma har yau ita ke ba mata labarin. Da safe yakan fara da tari, kuf, kuf, kuf, kamar dattijo mai gyaran murya kafin ya yi sallama, sa'an nan ya saki ta-ta-ta-ta. In ya kama hawan tudu sai ya koma gur-gur-gur, kuma a ƙarshen kowane numfashi akwai wata 'yar shaƙuwa, hik, wadda ya samu tun ranar da wata saniya ta harbi bututun hayaƙinsa ta lotsa shi. Da wannan shaƙuwa matan unguwa ke sanin Malam ya dawo. Shi kuwa Malam Kailani ya sha kwanciya a tabarma yana tsara yadda wata rana za su bi gefen hanyar jirgi su biyu, har su ga inda ƙasa ta ƙare teku ta fara. Ba su wuce Kaduna ba.

Ciwon ajalinsa ƙarami ne, abin haushi. Wani ƙarfe ne mai haƙora a cikin cikinsa, bai fi ƙosai girma ba, haƙora uku suka karye. Aka je kantin Turawa na tasha, akawu ya juya ƙarfen a hannu ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Aka aika Kano, aka aika Ikko. Ko'ina akwai kayan baburan gama-gari, waɗanda kowane ɗan saƙo ke hawa, amma na Nagoda babu.

Sai aka kai wa Muntaka maƙerin tagulla. Malam Kailani ya ja masa kunne har sau uku, ya ce kada ya ƙara kome, kada ya rage kome, domin wannan ba munduwa ba ce. Muntaka ya danna ƙarfen a yumɓu kamar yadda ya gada, ya narka tagulla ya zuba. Abu ya fito yana ƙyalli, da giɓinsa na haƙora uku, daidai inda na asali yake da shi. Da Malam ya fara faɗa, Muntaka ya ce, "Baba, abin da ka kawo shi na zuba. Da mai haƙora ka kawo, da mai haƙora ka tafi da shi." A karo na biyu ya cike giɓin da kakin zuma kafin ya danna. Ranar da aka sa wannan, Nagoda ya tashi, unguwa ta fito, Hajo ta yi guɗa. Ya sauka har gadar Kubanni yana ta-ta-ta kamar saurayi. A nan baƙin ƙarfe ya tauna tagulla kamar alewa. Muryarsa ta ƙarshe da aka ji ita ce garrr, sa'an nan hik. Da ƙafa aka turo shi gida.

Daga nan akawun kanti ya ba da shawarar a aika da ƙarfen na asali Ingila, maƙeransa su gani da idonsu. Aka naɗe shi a ƙyalle aka aika. Damina ta wuce, rani ya wuce, sa'an nan amsa ta zo: wan ya mutu, ƙanen ya koma ƙera gadajen ƙarfe, yana kuma gaisuwa. Ƙarfen bai dawo ba. Malam Kailani yana so a sani cewa bai yafe wa mai gadaje ba. Mutum ya haifi goma sha biyu ya watsa su duniya, ko haƙori ɗaya bai ajiye musu ba, ya je yana yi wa mutane abin kwanciya.

Marigayin ya bar maigidansa, da uwargida Hajo wadda ta riga ta auna zauren da ido don ajiye buhunan dawa. Ya bar sifana biyu, da gwangwanin baƙin mai rabi, da wata kaza da ta yi kwanci sau biyu a ƙarƙashin tankinsa. Ya bar 'yan'uwa goma a ƙasashen da ba a sani ba, in suna raye. Ya kuma bar ƙane ɗaya a Wusasa, a hannun Malam Obadiya mai ba da magani, wanda ya gaje shi daga Baturen mishan.

A kan wannan ƙane ne maganar take. Tun lafiya na lafiya, Malam Kailani da Malam Obadiya sun gane cewa kayan gyaran kowane ɗaya yana jikin ɗayan. Suka zauna a zauren nan, aka fasa goro gaban shaidu, suka yi alkawari: babur ɗin da ya yi daga damina zuwa damina bai yi magana ba, ya mutu, gawarsa kuma ta ɗan'uwansa ce, daga fitila har ƙusa. Malam Kailani ne ma ya kawo shawarar, domin a lokacin na Wusasa ke tari da zubar da mai, ya kuma tabbata shi zai ci gado.

Na Wusasa bai mutu ba. Tayoyinsa duk faci, sarƙarsa ɗaure da waya, bututunsa ya huje, amma yana tashi, kuma ƙarfen nan mai kamar ƙosai yana cikinsa lafiya lau, haƙoransa cif. Duk tsawon jinyar Malam Obadiya bai fasa zuwa dubiya ba. Yakan durƙusa ya ce, "Baba, yaya mai jiki?" Malam ya ce, "Da sauƙi." Ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," idonsa na kan taya. Bai taɓa tuna wa kowa alkawarin ba, ko da wasa. Da ya yi rashin kunya sau ɗaya, da Malam Kailani ya sami abin riƙewa. Mutane kuma suna cewa ai Obadiya ƙauyuka yake kai wa magani, shi kuwa tsohon nan ina za shi? Gaskiya suka faɗa, shi ya sa ta fi zafi.

Ruwa ya sauka, alkawari ya cika. Ga yadda za a yi jana'iza.

Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, Malam Kailani kuma bai yi musu ba. Za a wanke marigayin da kananzir ranar Asabar da hantsi, a ƙofar gida, maigidan da hannunsa. Ba a bukatar taimakon Muntaka, amma in ya zo gaisuwa za a amsa. Bayan azahar Malam Obadiya zai zo da amalanke da sifanunsa. Zai ɗauki tayoyi, da sarƙa, da sirdi, da fitila, da duk abin da ke ciki. Zai ɗauki bututun hayaƙi mai lotsar saniya, domin an ce har ƙusa, kuma Malam Kailani bai taɓa cin goro ya tofar da magana ba. Abin da ya rage na ƙashi za a binne shi a bayan gida kusa da dalbejiya. Ba za a sayar wa maƙera su yi fartanya da shi ba. Za a yi zaman makoki kwana uku a zaure, kafin dawar Hajo ta shigo. Mai zuwa ya zo da bakinsa na alheri. Wanda ya san zai ce "ai ƙarfe ne kawai" ya yi zamansa a gida.

Roƙo ɗaya ake yi wa magaji. In ya ɗaura bututun nan, babur ɗinsa zai fara shaƙuwa a hawan tudu. Don girman Allah, duk ranar da zai shiga birni, ya zaga ta Tudun Jukun, kada ya biyo ta ƙofar gidan nan. Akwai tsoho a ciki wanda kunnensa bai mutu ba, kuma in ya ji, zai tashi ya buɗe zaure.