Igiyar Cajinku Ta Cika Gaggawa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ya ƙera sabuwar igiyar cajin waya ta mota, jagoran masu sauri, wanda bai taɓa jiran kowa ba. Ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai tsawo, irin wadda na san ba ka da lokacin saurare, ina fatan kana lafiya, iyali suna lafiya, ma'aikata kuma suna ta hanzari kamar yadda ka hore su.

Ni direba ne. Likitan haƙori nake tuƙawa, shekara uku ke nan. Karatuna bai yi nisa ba, don haka in ka ga harafi ya karkace, a yi mini uzuri. Aikina kashi ɗaya tuƙi ne, kashi tara jira. Ƙarfe takwas nake sauke Likita, in ajiye mota a ƙarƙashin rumfar kwano, in zauna har ƙarfe biyar ina kallon mutane suna shiga riƙe da kumatu, suna fitowa da auduga a baki. Ban taɓa ƙorafi a kan jira ba. Shi ne abin da na fi iyawa, kuma shi kamfaninka ya zo ya ɓata mini.

Ga yadda abin yake. A tsallaken titi akwai wata mai ɗinki. Soket ɗaya ne a shagonta, keken ɗinki da dutsen guga suke rabonsa, waya ba ta da gado a ciki. Wata bakwai da suka wuce ta tsallako da rana ta tambaye ni ko zan taimaka mata da caji a mota. Na murɗa makulli rabi, na soka mata tsohuwar igiya. Da yake masu kaya suna yawan kiran ta, ba ta iya barin wayar ta tafi. Sai ta buɗe ƙofar gefe ta zauna, ƙafafunta a waje, ta fito da riga tana ɗinka maɓalli. Tsohuwar igiyar nan, Allah ya saka wa wanda ya ƙera ta, awa biyu take ɗauka kafin ta kai waya rabi. Awa biyu, ranka ya daɗe, kowace rana ban da ranar hutu.

Akwai maganar da nake so in faɗa wa mai ɗinkin nan. Kai babban mutum ne, ka san irin maganar. Na tsara cewa zan faɗe ta a wata na goma, in na gama share fage. Sai Likita ya canza waya, ya sayo kan caja da igiyarku. Ban damu ba, na ɓoye tsohuwar a aljihun mota don baƙuwata. Bayan sati biyu yayarta ta aiko mata da sabuwar waya, mai bakin da sai irin taku ke shiga. Daga nan ne koke-kokena suka fara, ga su bi da bi.

Na ɗaya. Kun kashe mini sana'a. Tsohuwar igiya tana da sama da ƙasa, tana kuma da hali. Sai ka soka ta ƙi, ka juya ta ƙi, ka sake juyawa yadda take da farko, sannan ta yarda. In ta shiga ma sai an ɗan karkatar da wuyanta hagu, a tokare da kwalin ashana, a bar numfashi na ɗan lokaci. Duk layin nan ni kaɗai na san kusurwar. Mai ɗinki ta sha gwadawa ta kasa, ta miƙo mini tana cewa hannuna yana da albarka. Taku kuwa, wadda masu shago ke kira taif-si, bakinta kamar ƙwayar magani, ko ta ina ka juya ta shiga take yi. Ranar farko ma mai ɗinki ba ta kalli ramin ba, tana amsa gaisuwar maigadin asibiti ta soka. Ina tambaya cikin ladabi: da kuke zaune kuna zana wannan baki, babu ko mutum ɗaya a teburin da ya tuna cewa wani yana cin yabo da wahalar tsohon?

Na biyu. Saurin. Minti talatin da biyar. An rubuta a kwali da manyan baƙaƙe, har da hoton walƙiya, kamar abin alfahari. Ranka ya daɗe, ka taɓa lissafa abin da mutum mai tarbiyya zai iya faɗa a minti talatin da biyar? Ni na lissafa. Gaisuwa kaɗai minti goma ce: ita, mamanta, ƙafar mamanta, yayarta, yaran yayarta. Sai labarin matar da ta kawo yadi ɗaya da rabi tana son riga mai hannu uku, wannan ba a katse shi. Sai zafin rana. Kafin in gyara murya, waya ta cika, an naɗe riga, an ce an gode, Malam Direba, an tsallaka titi. Ni kuma a bar ni da igiya a hannu tana lilo.

Na uku. Wayar ta koyi gulma. Da can batir yana cika a ɓoye, cikin mutunci, ba wanda ya san inda ya kai sai an duba. Yanzu da an soka sai ta rubuta a fuskarta cewa saura minti kaza. Wa ya tambaye ta? Ko a ɗakin Likita, inda ake cire wa mutum haƙori, ba a rataye masa agogo a gaban ido. Ina cikin magana sai in ga idon mai ɗinki ya sauka a kan lambar, nawa ma ya sauka, sai maganar ta tsinke.

Na huɗu, kuma a nan sai na fara da godiya. Na lura cewa in waya ta kai kashi tamanin sai saurin ya ragu, ashirin ɗin ƙarshe ta dinga ja da rarrafe. Na ce a raina lallai akwai wani bawan Allah a kamfaninku da ya taɓa neman aure, ya ɓoye mana wannan ɗan rangwame. A gaishe shi. To amma wane ne ya saka takarda a kwalin wayar cewa batir ya fi daɗewa in ana cire shi a tamanin? Mai ɗinki ta fi ni karatu, ta karanta, kuma mace ce mai bin doka. Tun ranar, a tamanin take tashi. Minti ashirin da biyu. Wato da hannun dama kuka ba ni kwata, da na hagu kuka karɓe har da riba.

Na biyar. Kayanku ba sa rufa asiri. Zan faɗi laifina, tunda wasiƙar gaskiya ce. Na je wurin mai tebur a bakin hanya na ce ya ba ni igiya mai sabon baki, amma mafi lalaci da yake da ita. Ya dube ni, ya ce shekara tara yana sayar da caja ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba. Ya tono mini wata siririya kamar zaren kalmasa, ya rantse ko agogo ba za ta cika ba kafin la'asar. Na kawo, na ɓoye taku, na jona wannan. Kalarsu ɗaya, tsawonsu ɗaya. Mai ɗinki ta soka, sai wayar ta yi ɗan ƙara, ta rubuta cewa ana caji a hankali, a duba igiya. Ta karanta a fili. Ta dubi igiyar, ta murza ta tsakanin yatsu yadda take murza yadi in tana son ta san ko na gaske ne, sannan ta dube ni. Na ce wataƙila zafi ne. Ta ce ikon Allah, zafin har ya ramar da ita. Maigadi, wanda ba a sa da shi ba, ya yi dariya har sai da ya riƙe ƙofa. Dole na buɗe aljihun mota na yi kamar na tsinci taku a ƙarƙashin takardu. Yanzu fisabilillahi, waya ce kuka haɗa kai da ita ko ɗan sanda?

Na shida, wanda shi ne ya sa na ɗauki biro. Jiya mai ɗinki ta gaya mini cewa mai gidan shagon ya yarda, ranar Alhamis mai gyaran wuta zai zo ya ƙara mata soket. Wato gobe. Daga gobe ba ta da dalilin tsallako titi. Ni da na ware wata uku, sai ga ni da rana ɗaya, ranar ma minti ashirin da biyu.

Na yi shiri. Na yi gwaji a madubin mota da safe, na yanke yaran yayarta daga gaisuwa, na taƙaita ƙafar mamanta. Ƙarfe ɗaya ta zo, ta zauna, ta soka. Batir yana kashi goma sha tara. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayar yaran yayarta ɗaya bayan ɗaya. Arba'in. Na koma kan zafin rana. Sittin da biyar. Na ce mata akwai wata magana, sannan na tsaya ina goge sitiyarin da ba shi da ƙura. Saba'in da takwas. Ranka ya daɗe, igiyarku ba ta ko tausaya ba, walƙiyar nan tana ta ƙyalli kamar ana biki. Tamanin.

Ta zare igiyar. Na ce shi ke nan. Sai ta kunna tocilar wayar, da rana tsaka, ta kifa ta a gaban mota, ta ɗauki allurarta ta ce, "Malam Direba, ci gaba, ina jin ka. Sai batir ya sauka ashirin zan tashi."

A nan ne ƙorafina na ƙarshe yake, kuma ina roƙo a isar da shi ga 'yan uwanku masu ƙera batir. Abin nan ba ya sauka. Maganar da na yi wata bakwai ina dako, minti huɗu ta ɗauka. Na duba, saba'in da tara. Ita kuma tana ta ɗinki. Mutum ba ya yin shiru a irin wannan wuri, don haka na ci gaba. Na yi alkawarin zan koya mata tuƙi. Na yi alkawarin kai mamanta wurin Likita a duba mata haƙoran ƙasa. Na yarda zan daina sa rigar nan mai ruwan ƙasa da ta ce aljihunta a karkace yake. Na tona da bakina cewa ni na sayo siririyar igiya, ta ce ta sani, mai teburin ƙanin mijin yayarta ne. Har ƙarfe uku ina zuba, batir yana saba'in da ɗaya. Da Likita bai leƙo ya aike ni ba, da yanzu na yi kyautar motar da ba tawa ba.

Da za ta tafi na tambaye ta amsa. Ta kashe tocila, ta naɗe rigarta, ta ce gobe dai za a saka soket, amma ita ba ta yarda da wutar shago ba, tana lalata waya. Ta ce in share kujerar, ƙarfe ɗaya tana tafe, kuma in zo da rigar nan ta gyara aljihun.

Saboda haka, ranka ya daɗe, buƙatata ɗaya ce. Na ji ana cewa kuna shirin fito da wadda za ta cika waya a minti biyar. Ina roƙonka da girman kujerarka a dakata da ita. Ranar Asabar zan je gaishe da babanta, kuma an ce shi ma sabuwar waya gare shi.

Ina mai sunkuyar da kai, hula a hannu, inji a kashe.

Naka mai biyayya a kowane kashi, daga ɗaya har ɗari,

Direban likitan haƙori,
ƙarƙashin rumfar kwano, daura da shagon ɗinki.