Dutse a Ƙirji ko Dutse a Doro

A wani daji da ke bayan duwatsu, inda ruwa ke cin ƙasa kowace damina, an yi wani zomo mai suna Nomau. Ba a san shi da wani aibu ba sai bin doka, kuma ita ce ta kusa ƙarasa shi.

Wata safiya a farkon damina matarsa Delu, tana da tsohon ciki, ta ce ganyen wake take marmari. Nomau ya tsallake 'yar ƙoramar da ke bayan raminsu, taku ɗaya tak, ya tafi nema. Kafin ya juyo ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Gaɓa ta zube ta danne masa ƙafafun baya, ƙoramar nan kuwa ta zama kwazazzabo mai zurfin da ko leƙa shi sai an ji jiri. Wata biyu ya yi a kwance. Da ya miƙe, cinyoyinsa sun koma kamar tsinken tsire.

Daga nan rayuwarsa ta koma bakin kwazazzabo. Kullum da hantsi yakan zo ya zauna, Delu ta fito a can tsallake ta ɗaga masa tagwayen da ta haifa a bayansa, ɗaya bayan ɗaya. Iska takan kwashe rabin maganarsu. Yana hango ƙofar raminsa da tsamiyar da yake kishingiɗa a gindinta, wani lokacin har ƙanshin miyar Delu yakan iso shi. Kewa ta cika masa ciki har ya daina ɓoye hawayensa. Kuma kowa ya sani, da ruwan farko na damina mai zuwa ya sauka gaɓar za ta ƙara zubewa, babu zomon da zai sake tsallake wurin.

Maganin siraran ƙafafu sananne ne a dajin: a ɗauki dutse, a tsuguna, a miƙe, a maimaita. Sai dai ba a taɓa dutse sai da izinin Majalisar Ƙarfafa Ƙafa, majalisar kuwa ta dare gida biyu. 'Yan Gaba sun ce a ƙirji ake rungumar dutse, 'Yan Baya sun ce a doro ake ɗora shi. An hana kowa tsugunno da kaya har sai an tantance gaskiya. Shugaban majalisar raƙumin dawa ne, ana ce masa Dogo, an kuma zaɓe shi ne don ba ya goyon bayan kowa. Gaskiya ne, domin bai taɓa tsugunawa ba tun da aka haife shi.

Ranar da aka saurari buƙatar Nomau, Jatau gwaggon biri, jagoran 'Yan Gaba, ya fara miƙewa.

"Ranka ya daɗe, mai dutse a ƙirji bayansa a miƙe yake sauka, a miƙe yake tashi. Nauyin duk a gaban cinya yake zama, nan saman gwiwa, inda ƙarfin tsalle yake. In dutsen ya fi ƙarfinka sai ka sake shi ya faɗi gabanka, ka tafi gida da ƙugunka lafiya. Waɗancan kuwa sunkuyo suke koya wa jama'a, su kira shi horo."

Barau jakin dawa, jagoran 'Yan Baya, bai jira an ba shi dama ba.

"Ranka ya daɗe, a tambaye shi dutse nawa yake iya rungumewa. Hannu ke gajiya tun cinya ba ta ji komai ba. Mu a doro muna ɗaukar wanda ya fi nasu nesa ba kusa ba, ɗuwawu da cinya duk su sha aiki. Iyayenmu a doro suka ɗauki kaya, ba su rungumi dutse kamar jariri ba."

Aka yi tafi, aka yi ihu. Da ƙyar aka tuna da mai buƙatar.

Nomau ya durƙusa ya ce, "Allah ya ƙara wa majalisa daraja. Ni ban san gaba ba, ban san baya ba. Iyalina suna can, ina ganinsu kullum, ban taɓa jin ɗumin jikin 'ya'yana ba. Ku ba ni kowanne, ko mafi ƙanƙanta. In na yi kuskure, ƙafata ce."

Dogo ya sunkuyo da wuyansa cikin tausayi. Ya ce daidai saboda muhimmancin ƙafarsa ne ba za a yi gaggawa ba, sannan ya kafa kwamiti.

Kwamitin ya shafe kaka yana auna cinyoyin tsofaffin 'yan ɓangarorin biyu da igiya. Abin da ya gano ya ɓata wa kowa rai: 'Yan Gaba sun ɗan fi cika a saman gwiwa, 'Yan Baya sun ɗan fi cika ta baya, amma duk wanda ya dage a cikinsu ƙafarsa ta yi ƙarfi. Jatau da Barau suka haɗa baki karo na farko a rayuwarsu, suka ce igiyar ce ba ta da kyau. Aka kafa kwamitin duba igiya.

Rani ya zo ya wuce. Sau ɗaya Nomau ya ɗauki wani ɗan kututture a ɓoye ya tsuguna da shi, aka kai ƙararsa, ya ba da haƙuri, bai sake ba. Delu ta daina tambayarsa yadda aka kwana a majalisa. Takan tsaya kawai ta dube shi, ta dubi faɗin ramin, ta koma.

Ranar da hadarin farko ya haɗu a gabas, majalisa ta zauna a bakin kwazazzabo don ta gane wa idonta matsalar. Ana cikin jawabin buɗe taro sai aka ji tim! Delu ce ta dira a tsakiyarsu, zani ɗaure a ƙugu.

Jatau ya zagaya ta yana kallon cinyoyinta, Barau ya zagaya ta ɗaya gefen.

"Baiwar Allah," in ji Dogo, "da wane dutse kika yi horo, a ƙirji ko a doro?"

"Ranka ya daɗe, ni ban san dutse ba. Yara biyu gare ni, ba mai taya ni. Ɗaya a goye, ɗaya a rungume. In zan hura wuta da su nake tsugunawa, in zan ɗebi ruwa da su nake miƙewa, tun safe har yamma. Wanda ya fi kuka shi ke dawowa gaba. Kullum kuma ƙara nauyi suke."

Ta juya wa mijinta baya, ta tsuguna, ta kwance zani.

"Malam, hau."

"Haba Delu, a gaban jama'a?"

"Jama'ar nan wata goma suna kallonka. Hau, na bar yara su kaɗai."

Ya hau, kunya kamar ya nutse. Ta ɗaure shi tamau ta miƙe, sai ta tsaya cak. Sannan ta ce:

"Malam, ko ƙaramin cikinsu ya fi ka nauyi."

Ta ja da baya, ta sheƙo da gudu, ta tashi. Sun dira ke nan yayyafi ya fara. Tagwayen suka ruga bayan uwarsu suka laɓe, don sun saba ganinsa ɗan mitsitsi daga nesa. Nomau ya zauna a ƙofar raminsa ruwa na dukansa, yana jiran su matso da kansu.

Bayan an ɗauke ruwa majalisa ta ci gaba da zama. Ta yanke cewa tunda ba a bi hanyar da aka amince da ita ba, tsallen bai halatta ba, saboda haka bai faru ba. Har yau duk ranar zama akan kira sunan Nomau sau uku, sannan a yi tir da rashin haƙurinsa.