Ranar da Na Kashe Tsoho Mai Agwagi

Ƙarfe biyu da minti biyar na ranar wata Asabar. Ba zan taɓa mantawa da lokacin ba, don idona na kan agogo aka kashe fitilun sinima, Faransawan cikin fim suka buɗe baki, na gane ba na jin ko kalma ɗaya.

Lokacin kuɗin man fetur ne, gwamnati na ta tura ɗalibai waje. Ni Faransanci nake karantawa a Landan, ina zaune a Camberwell wurin Baffana da matarsa Hajiya. Makaranta ta ce sai na yi shekara guda a Faransa. Babana ya rubuto daga Kano cewa Hajiya ce ke ganina kullum, abin da ta yanke shi ke nan. Ita kuwa kullum maganarta ɗaya: "Yarinyar da ba ta iya tambayar kuɗin tumatir a kasuwar Deptford, ita za ta zauna a Faransa?"

Na ƙudura sai na nuna mata. Na ji za a nuna wa iyalan Faransawa wani fim na barkwanci da aka ɗauko daga tsohon littafin yara, labarin wani tsoho mai kiwon agwagi da jikokinsa uku. Littafin nan sau uku na karance shi da ƙamus. Na ce mata ta zo, ni zan fassara mata, yadda ake yi wa na kusa a sinimar gida.

Shiri kuwa na yi shi. Babi goma sha takwas, fim minti casa'in, ke nan kowane babi minti biyar. Na rubuta abin da ke cikin kowane babi a ɗan littafina, na sayi ƙaramar tocila. (Ban taɓa jin Bafaranshe yana magana da sauri ba. Malaminmu Baturen Landan ne, kalma ɗaya-ɗaya yake ajiyewa kamar mai jera ƙwai.)

Da na ga ba na ji, ban karaya ba. Na kunna tocila a ƙarƙashin gyale, ina duba agogo ina karanta wa Hajiya a kunne. Har minti talatin abin na tafiya. In na ce "yanzu za su je kogi" sai a ga kicin, in ce kogin na bayan gida.

Sai ga tsohon kwance a gado, hannuwa a ƙirji, jikoki sun kewaye shi. Na duba agogo: babi na bakwai. A babi na bakwai tsoho ke mutuwa.

Na ce, "Hajiya, ya rasu."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" Ba a kunne ta faɗa ba. Duk ɗakin ya ji. Ta kama share hawaye da bakin mayafi tana cewa, "Allah sarki, marayu! Wa zai riƙe su?" Yaran Faransawa kuwa sai ƙyaƙyata dariya suke, don wata agwagwa ta hau cikin tsohon. Hajiya ta juya ta dubi na bayanmu: "Marasa tarbiyya! Ana mutuwa kuna dariya? Ina iyayenku?" Iyayen na gefensu, su ma dariyar suke.

Sai gawa ta yi atishawa, ta diro daga gado, ta bi agwagwa da tsintsiya. Ashe barcin ƙarya yake don kada matarsa ta sa shi aiki. Masu fim sun ƙi kashe shi, ba wanda ya shawarce ni.

Mai hankali nan zai yi shiru. Ni na ce, "Ƙaninsa ne."

"Da rigar barcin mamacin?"

"Tagwaye ne, Hajiya."

Daidai nan matar da ke nuna wa mutane kujera ta iso, ta haska ni da tata tocilar, wadda ta fi tawa sau goma. Ga ni da littafi a cinya, agogo a hannu, gyale na haske kamar fitilar mai shayi. Ta yi min magana da Faransanci. Hajiya ta ce, "Me ta ce?" Na duba littafina. Babu a ciki.

Hajiya ta karɓe tocilata ta jefa a jaka. Sauran fim ɗin ba mai fassara ta kalle shi, ta yi dariya har da riƙe ciki, a daidai inda Faransawa ke yi. Ni ce kaɗai a ɗakin ban san abin dariyar ba.

A bas ban ɗaga kai ba har muka haye kogin da ya ratsa Landan. Amma tun da na sa abu a gaba, sai na ji ƙarshensa. Na ce, "Hajiya, maganar Faransa fa? Me za ki rubuta wa Baba?"

Ta dube ni tana danne dariya.

"Zan ce ya bar ki ki tafi, 'yar nan. Littafinsu kika sani, su ba ki san su ba. Je ki zauna da su, kafin ki kashe musu wani tsohon."