Rasuwar Balaraba, Tukunyar Ruwan Zafi ta Masaukin Hanyar Kawo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko in ce zuciyar da ya kamata ta cika da shi, don tun ranar Alhamis kamar an cusa mini auduga a ƙirji, ni Datti Zakari, mai kula da ɗakin wuta na masaukin baƙi da ke hanyar Kawo, nake sanar da ma'aikatan gidan nan, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa wanka da ruwan ɗumi a ƙarƙashin wannan rufi, rasuwar Balaraba, tukunyar ruwan zafinmu mai shan baƙin mai. Ta rasu ranar Alhamis ta makon jiya da hantsi, cikin wannan wata na Agusta 1958, tana da shekara bakwai a bakin aiki.

Na so in rubuta Allah ya jiƙanta. Malam Abdurrahim, limaminmu na Kurmin Mashi, ya ce ba a roƙa wa ƙarfe rahama. Na bari. Mai karatu ya san abin da ke raina.

A Ingila aka haife ta, in ji farantin tagulla da ke manne a ƙirjinta. Ta biyo ruwa zuwa Ikko, ta hau jirgin ƙasa zuwa Kaduna, aka sauke ta ranar Laraba, sai muka raɗa mata sunan ranar. Mutum goma sha huɗu suka gangaro da ita a kan itatuwa har ɗakinta. Ni a lokacin ban daɗe da barin reluwe ba, inda na shekara goma sha ɗaya ina zuba wa kan jirgi kwal tsakanin Inugu da Kano. Na ga wuta iri-iri, na ga mutane iri-iri, kuma wuta ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Da aka ce ana neman wanda ya san ta, na ce ga ni.

Marigayiya ba ta da wariya. Ɗan majalisa daga Sakkwato, Bature mai duba gonaki, akawun da aka turo kwas, ruwa ɗaya take ba su. Ba ta taɓa tambayar wa zai yi wankan ba. Abin da take nema a wurin mutum kaɗan ne. Kowace safiya a buɗe ƙaramin famfon da ke gindin tankinta, a tsiyaye ruwan da ya kwanta a ƙasa har sai mai ya biyo. A wanke rariyarta da kananzir. A zura sandar awo a ga inda mai ya tsaya. A bi bututu da tafin hannu, mahaɗi bayan mahaɗi, ko akwai inda ya yi gumi. Kada a bar tsumma kusa da ita, kada a sha taba a ƙofarta, ko da kuwa mai shan Bature ne. Na taɓa karɓe sigari daga bakin wani, ya kai ƙarata, ba a yi mini komai ba.

Doka ɗaya ce ta fi sauran. In wutarta ta mutu, mai ba ya sanin ta mutu, ci gaba yake da fesowa cikin cikinta. Saboda haka a fara rufe mai, a buɗe ƙofar iska, a jira har warin ya fita. Ni nakan jira gwargwadon tauna rabin goro. Sannan a zura mata wuta. Wanda ya sa mata wuta cikinta cike da mai, ba kunna ta ya yi ba, harba ta ya yi.

Tana da murya, kuma da muryar nake kiwonta. In ta kama da safe takan ce fuu, bum, daga nan sai huuum har yamma, ba hawa ba sauka. In rariya ta toshe sai ta koma tsit-tsit. In ruwa ya shiga manta sai tari, kaf, kaf, kaf, kamar tsohuwar da kunu ya shaƙe. In ta mutu kuwa shiru ne, sai sss na man da ke zuba. Daga gindin mangwaron da ke ƙofar ɗakin nake jin wannan duka, kafin tari na uku na miƙe.

Ta rasu ta bar mijinta, tankin da ke bayan katanga, yana nan cike har wuya, ba wanda ya gaya masa. Ta bar yayanta, dogon bututun hayaƙi, wanda ya tsage daga gindi. Ta bar 'ya'ya goma sha biyu, famfunan ɗakunan wanka, da jikoki a kicin da ɗakin wanki, duk sun yi sanyi. Ta bar bokitin yashi biyu da suka shekara bakwai suna jiran ranar aiki, da ranar ta zo ba wanda ya tuna da su. Ta bar ni.

Ta kuma bar Sanda mai wanki kwance a asibiti, hannuwansa biyu a naɗe, gira da gemu sun tafi. Mutum ne mai 'ya'ya huɗu, shekararmu shida muna cin tuwo a kwano ɗaya. Ni na koya masa kunna ta, saboda ranakun da nake zuwa Zariya. Baturen injiniya ya rubuta cewa Sanda ya taɓa abin da ba aikinsa ba. Ranar Litinin za a ba shi takardar sallama daga aiki.

Game da ciwon ajalinta, ana ta faɗin ruwan sama ne. Gaskiya ne an yi kwana uku ana zuba shi, ya shiga tanki fiye da yadda ake tsiyayewa. Ruwan ya sa ta tari, tarin ya kashe wutar. Amma ta sha yin wannan tari a kowace damina ba ta mutu ba. Ciwon da ya kashe ta ba a jikinta yake ba, a kunnena yake.

Shekara guda ke nan kunnena na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu saura kaɗan. Ban gaya wa kowa ba, don an san abin da ake yi da mai kula da wuta in ya kurumce. Kuma ɓoyewar ba ta yi wuya ba. Na lura rabin maganar mutane gaisuwa ce, amsarta kuwa a shirye take. Mutum ya tsaya gabanka bakinsa na motsi, ka ce lafiya lau. Ya sake, ka ce da godiya. Ya sake, ka ce yauwa, madalla. Sai ya wuce yana cewa Baba Datti akwai fara'a. Ita Balaraba, na koma jin ta da hannu, ina dafa bututu lokaci-lokaci. Na ɗauka dabarar ta isa.

Ranar Alhamis ina zaune gindin mangwaro, taku goma daga ƙofarta. Ta yi tari, ta mutu, mai ya yi ta zuba. Sanda ya ji ruwan wanki ya huce, ya zo ya leƙa, ya tsaya gabana, bakinsa ya motsa. Na ce, "Yauwa, madalla." Ya shiga. Ƙarar da ta biyo baya a ƙafafuna na ji ta.

Da la'asar injiniya ya tambaye ni ta bakin tafinta ko na ji wata alama kafin abin ya faru. Na ce, "Ban ji komai ba." Ya rubuta cewa tukunyar ba ta nuna alamar ciwo ba. Ban yi ƙarya ba. Na san yadda zai ɗauki maganar, na bar shi ya ɗauka.

Jiya na je asibiti. Matar Sanda, Hauwa, tana zaune tana kore masa ƙuda, ta durƙusa ta gaishe ni. Sanda ya yi mini alama da kai in matso, na kai masa kunnen hagu kamar mai gyara masa matashi. Ya ce, "Baba, ai na tambaye ka. Na ce ko ka rufe mata mai, in sa wuta? Ka ce yauwa."

Na ce, "Ka gaya wa Bature haka?"

Ya ce, "Haba Baba. In tsaya gaban baƙo in ƙaryata ka?"

Hauwa ta miƙo mini ruwa a kwano, na sha. Na dawo da ƙafa har Kurmin Mashi. Na ci tuwo, na yi barci. Na yi ta jiran wani abu ya taso mini a ƙirji, har yanzu bai taso ba.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Gobe Asabar da hantsi za a kwance ta daga bututunta. Na riga na rufe babban famfon tanki na ɗaure shi da waya, kada kowa ya taɓa. A jiƙa ƙasan ɗakin a zuba yashi, kuma duk mai ashana a aljihu ya tsaya waje. Ni zan yi mata wanka da kananzir, ba na son taimako. Ana buƙatar mutum goma sha huɗu masu ƙarfi don ɗora ta a mota. Za a kai ta wurin maƙeran Babbar Kasuwa, su za su raba ta. Na roƙi babbansu ya fitar da kaskon suya ɗaya daga gefen da bai ƙone ba a kai wa Hauwa.

Ba za a yi sadakar uku ba, don ranar Litinin ina da zuwa ofishin injiniya tun kafin a buɗe, da mabuɗin ɗakin wuta a hannuna. Zan ce masa ya yaga takardar Sanda ya rubuta tawa. Ina roƙon akawu Yahaya ya manna kwafi ɗaya na wannan sanarwa a ƙofar ofishin yau ɗin nan, don na san halina, kafin Litinin zan iya samo wata dabara.

Za a karɓi gaisuwa a gidana da ke Kurmin Mashi, bayan masallaci, daga la'asar ɗin Asabar. Masu zuwa su zauna ta hagu, su ɗaga murya.

Datti Zakari, a madadin iyalan marigayiya.